A hukunta harbin ganganci tun kafin ya ɗauki rai

Da zarar an kawar da amfanin gona, kara ya bushe, sai farauta ta buɗe a ƙasar Hausa. Daga sanyin hunturu har zuwa faɗuwar ruwan farko za ka riƙa cin karo da ayarin mafarauta a bayan manyan motoci da kan babura, da karnuka da gora da adda da bindigogin toka, sun nufi daji. Dajin ne dai ba ya nan yadda iyaye suka bar shi. Inda a da ake tafiyar rabin yini ba a ga bukka ba, yau gona ta haɗe da gona, ga ruga, ga sabuwar unguwa da ko suna ba a raɗa mata ba. Zomon da aka tasa a kan iyakar gona ba dawa yake nufa ba, bayan dangar wani yake faɗawa, bakin bindiga kuwa yana biye da shi.

Ra'ayina shi ne dokarmu ta bar wawakeken giɓi a nan. Tana da hukunci ga wanda ya riƙe bindiga ba lasisi, tana da hukunci ga wanda harbinsa ya kashe mutum. Amma mutumin da ya tsaya taku hamsin daga katangar jama'a ya saki wuta wajen gidaje, Allah ya tsare bai sami kowa ba, kusan kullum gida yake komawa da bindigarsa a kafaɗa. Alhali abin da ya aikata daidai yake da na wanda ya yi kisan. Sa'a kawai ta raba su. A kan wannan harbin ya kamata hukunci ya fara sauka.

Mu duba abin da ke rubuce. Dokar makamai ta tarayya ta 1959, yadda take a kundin dokokin 2004, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da su ba izini shekara 10 ce mafi ƙaranci. Akwai na amfanin kai, irin mai baki biyu da ake harbin tsuntsu da ita, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, hukuncin riƙe su ba lasisi har shekara 5. Sai waɗanda ake ɗura wa ta baki, wato bindigar toka da danginta, da aka bar wa Kwamishinan 'yan sandan jiha, inda tarar take naira 1,000 ko ɗaurin shekara 2. Dokar ta hana ba wa wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da mashayi. Duk wannan magana ce ta wa zai riƙe. Ka karanta ta daga farko har ƙarshe ba za ka tarar da adadin mitar da za a bari tsakanin maharbi da gidan mutane ba. Kundin laifuffuka na Arewa kuma yana da kisan da ba na hukuncin kisa ba, wanda ya haɗa da mutuwar da ganganci ko sakaci ya jawo, kuma yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Yana da wani sashe na aikin sakaci mai jefa rayuka cikin haɗari, mai hukuncin 'yan watanni ko ƙaramar tara. Wannan sashen ne kaɗai ya kusa da abin da nake magana a kai, sai dai ya bar komai ga fahimtar ɗan sanda da alƙali. Mene ne sakaci? Taku nawa? Ta wace fuska? Maharbi zai ce ya duba, mai gida zai ce ƙwayoyin harsashi sun zubo masa a kan kwano, a tashi a haka.

Mutane da yawa, har cikin mafarautan, ba su san nisan da abin da suka harba ke ci ba. Ƙananan ƙwayoyin darma suna da lissafi mai sauƙi da masana makamai suka daɗe da shi: kowace milimita ɗaya ta kaurin ƙwaya tana ba ta kimanin mita 80 na tafiya idan bakin bindiga ya ɗan ɗaga sama. Ƙwayar harbin kurciya mai milimita biyu da rabi tana kai mita 200. Mai milimita 4, irin ta zabon daji da zomo, ta wuce mita 300. Manya masu milimita 8 da ake zuba wa gada ko mugun dawa suna haura mita 600. Gaskiya ne ƙananan sun rasa yawancin ƙarfinsu kafin su kai ƙarshen wannan nisa, amma ido ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya fashe, haka maɗigar jariri. Ƙaramin harsashin raifil da ake kira .22, wanda ake raina wa, yana wuce kilomita ɗaya da rabi. Na AK-47 yana fita da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa, kuma yana iya sauka bayan fiye da kilomita biyu.

Bindigar toka tana da nata ƙarin haɗarin, domin ba wanda ya san takamaimai abin da ke cikinta sai mai ɗurin. Wani darma yake zubawa, wani ƙwallayen boris, wani guntayen ƙusa da yankakken rodi. Darma idan ta bugi dutse takan lotse ta rasa ƙarfi. Ƙwallon boris ƙarfe ne mai tauri, idan ya bugi marmara ko fa ko busasshiyar ƙasar rani sai ya yi tsalle ya canja hanya da sauran ƙarfinsa. Guntun ƙusa kuwa tun daga bakin bututu ba ya tafiya miƙe. Haka harbi a kan ruwa: wanda ya auna agwagwar ruwa a tafki yana tsaye a gaɓa, ƙwayoyin suna iya sulɓewa a fuskar ruwan su tsallaka wancan ƙetaren, inda mata ke wanki. Sannan mu tuna da irin gidajenmu na karkara. Katangar laka mai kauri takan tare ƙwayoyi. Darni da zana da dangar kara ba sa tare komai, rufin kwano ma haka. A watannin zafi kuma, daidai lokacin da farauta ta kankama, a tsakar gida ake kwana.

Ɗurin kansa yana kashe mutane a cikin gari kafin a kai daji. Yawancin bindigogin ƙirar gida ba su da makullin kunama. Mutum ya ɗura tun daga gida, ya sa maganin kunnawa, ya rataya ta a baya ya hau babur, bakinta yana kallon wanda aka goya ko masu tafiya a gefen hanya. Rami ɗaya ya isa. Wani kuma ya ja kunama ta ƙi tashi, sai ya juyo bakin ya leƙa, ko ya sauke ta yana nuna wa abokinsa, alhali albarushin da ya ji danshi yana iya cin wuta a hankali ya tashi bayan daƙiƙoƙi. Ƙa'idar ita ce a ci gaba da riƙe ta bakinta na kallon inda aka auna har minti ɗaya cur. Akwai ɗuri biyu: an manta an ɗura jiya, yau aka sake, bututun da dama bututun ruwa ne ko na sitiyarin mota ya tsage a fuskar mai shi da na kusa da shi. Maganin wannan tsaga alama ce a jikin sandar ɗuri a daidai inda take tsayawa idan bindiga ba komai a cikinta; in aka zura alamar ba ta kai baki ba, akwai ɗuri. Laka ko ƙasa da ta toshe baki ita ma tana fasa bututu. Tsofaffin maharba sun san duk wannan. Yaran da suka sayi bindiga bara saboda tsaron gari, bana suka bi ayarin farauta, su ne ba wanda ya zaunar da su.

Wasu ƙasashen sun warware rabin matsalar da lamba ɗaya. A jihar Pennsylvania ta Amurka, haramun ne a yi farauta da bindiga a cikin yadi 150, kimanin mita 137, daga gidan da mutane ke ciki, sai da izinin masu gidan. A jihar New York ƙafa 500 ce, wajen mita 152. Jihohin Amurka kuma sun ƙulla yarjejeniya cewa wanda aka dakatar wa lasisin farauta a ɗaya, sauran ma suna iya hana shi. A Arizona, bayan harsashin da aka harba sama ya faɗo ya kashe yarinya 'yar shekara 14 a bayan gidansu a birnin Phoenix a 1999, an yi doka a 2000 da ta mayar da harbin ganganci a cikin gari babban laifi ko da bai sami kowa ba. Ba ina cewa a kwafo dokar wasu a manna ba ne. Abin ɗauka shi ne an ba ɗan sanda da alƙali da maharbi abu ɗaya da kowa zai iya aunawa da ƙafarsa.

Ga abin da nake ganin ya dace da mu. Taku 200 na babban mutum, kimanin mita 150, daga kowane gida ko ruga ko makaranta ko masallaci ko rijiya ko hanyar da jama'a ke bi, babu harbin farauta ko ta wace fuska. Bayan wannan iyakar kuma, matuƙar maharbi yana hango gini ko hanya ko garke a bayan abin da ya auna, ba zai harba ta nan ba. Ya zagaya ya ba gari baya. Kashi na biyun ya fi na farko muhimmanci, tunda mun ga mita 150 ba ta tare manyan ƙwayoyi. Ko a Faransa, inda ake ta muhawara kan farauta kusa da gidaje, abin da aka fi matsa wa maharba a kai shi ne fuskar harbi. A farautar kora ta taron jama'a ana koya musu kusurwar digiri 30: ka yi taku biyar zuwa wajen maƙwabcinka a sahu, ka karya ka yi taku uku zuwa inda za ka harba, ka kafa alama. Tsakanin alamar da maƙwabcin ba a harbi. Kuma manyan harsasai ƙasa ake auna su, yadda in an kuskure dabba za su nutse a ƙasa kusa. Farautarmu ta gayya, inda mutum ɗari ke zagaye fage ɗaya, karnuka na kora, kowa na rige-rigen kai hannu, ta fi kowace buƙatar irin wannan ƙa'ida.

Farautar dare da fitilar goshi kusa da gari kuwa a hana ta ɗungurungum. Mai fitila ƙyallin ido yake harbi, ba dabba ba. Idon akuya da na maraƙi da na karen maƙwabci duk suna ƙyalli, kuma motsin ciyawa da asuba sau da yawa mutum ne ya zagaya bayan gari. Wanda bai ga kan dabba da jikinta sarai ba, bai ga abin harbi ba.

Batun makamai yana cikin jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa tarayya, don haka jiha ba za ta ba da lasisin bindiga ba. Amma kundin laifuffuka na jiha ne, dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ma jihohi ne suka gaje ta. Majalisar dokokin Kano ko Bauchi ko Jigawa ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta rubuta iyakar taku da hukuncinta.

Hukuncin kuma ya zama mai hawa-hawa, ya taɓa inda ke da zafi. Tarar naira 1,000 da aka rubuta shekaru da dama da suka wuce yau ba ta sayen litar man fetur biyu, kuma duk adadin da aka rubuta bana haka zai koma nan da shekara goma. A ɗaura tara a kan mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024: karon farko albashin wata ɗaya, tare da riƙe bindigar har ƙarshen wannan rani. Riƙe bindigar ya fi tarar ciwo ga mafarauci, domin lokacin ne ba ya dawowa. Karo na biyu a ƙwace ta har abada, a soke lasisi, a rubuta sunansa a rajistar da duk ofisoshin 'yan sandan jihar ke gani. Wanda aka kama yana harbi a buge, da giya ko ƙwaya ko wiwi, ya tsallake matakin farko kai tsaye, da ɗauri a kai. Ba na goyon bayan cika gidajen yari da talakawa kan kuskuren farko da bai raunata kowa ba. Ɗauri na mai maimaitawa ne, da mashayi, da wanda ya jikkata mutum.

Shugaban ayari ma ya ɗauki nasa kason. Kowace farautar gayya tana da wanda ya kira ta, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ko wani babba da ake jin maganarsa. Shi ya kamata ya sanar da dagaci ko mai unguwar yankin kwana uku kafin ranar, a yi shela mata su dakata da shiga itace, makiyaya su janye yara. Ya rubuta sunayen masu bindiga, ya tabbatar ba wanda ya ɗura kafin a bar gari kuma kowa ya sauke ɗuri kafin a shigo, ya nuna iyakar fagen. In an yi harbin ganganci a ayarinsa aka rasa mai shi, shi zai amsa. Da wannan kaɗai "ba mu san wanda ya harba ba" za ta ragu, domin a cikin ayari an sani.

Harbin murna a biki da naɗin sarauta da gangamin siyasa shi ne ɗan'uwan wannan laifi a birni, kuma ya fi muni saboda harsashin yaƙi ake harbawa. Gwaje-gwajen sojan Amurka tun farkon ƙarni na 20 sun nuna harsashin raifil da aka harba sama tsaye yana haura mita 2,500, ya dawo da gudun kimanin mita 90 a daƙiƙa, wanda ya isa ya huda fata. Wanda aka harba a karkace, kamar yadda akasari ake yi, ba ya ma rasa gudunsa haka. Wani asibiti a birnin Los Angeles ya tattara bayanan mutum 118 da irin wannan harsashi ya faɗo wa tsakanin 1985 da 1992: kashi 77 cikin ɗari a kai ya same su, kusan ɗaya cikin uku suka mutu. A nan dole a faɗi gaskiya: mai irin wannan bindiga a wajen biki sau da yawa mai kaki ne da aka ɗauko rakiyar wani babba. Dokar da za ta kama mai bindigar toka ta kauce wa mai kaki ba za ta sami mutunci a idon kowa ba. A hukunta mai harbin, a ci tarar mai taron da ya gayyato shi. Bindigogin hawan Sallah na fada al'ada ce da ba na neman a taɓa, tunda albarushi zalla ake ɗura musu, sai dai su ma a duba bututunsu kafin hawa, a auna albarushi da ma'auni maimakon tafin hannu, a bar tazara tsakaninsu da 'yan kallo, domin toshiyar tsumma da wutar baki suna ƙona fuska a kusa.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ake faɗa a gidan makoki, a yi addu'a, dattawa su sasanta, a yafe. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma addinin da ya koyar da shi bai ɗauke wa mai kuskure nauyi ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure kaffara da diyya, sai in magada sun yafe diyyar. Diyyar raƙumi 100 ce ko dinare 1,000, wato zinare kilo huɗu da kwata, kuma a mazhabar Malikiyya dangin mai laifin ne ke haɗa ta cikin shekara uku. Ido ɗaya rabin diyya ne. Hikimar ɗora wa dangi a fili take: waɗanda za su biya su ne za su fara karɓe bindiga daga hannun ɗansu mai rawar kai. Kuma tun kafin a kai ga jini, ingantaccen hadisi ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu kada ya soki wani, wani hadisin ya hana nuna ɗan'uwa da makami. Wannan hani ne a kan haɗarin kansa, ba a jira rauni ba. Magada suna da ikon yafe haƙƙinsu. Ba su da ikon yafe haƙƙin sauran unguwa na kada a mayar wa mutumin bindigarsa gobe. Sasanci ya tsaya a kan diyya, ƙwace makami da hana farauta su rage a hannun hukuma.

Akwai ƙorafi biyu da na ɗauka da nauyi. Na farko, a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato bindigar toka ita ce abin da ya rage tsakanin mutane da ɓarayin daji, kuma mafarautan Adamawa sun taka rawa wajen korar Boko Haram daga yankin Mubi a 2014. Dokar da nake nema ba ta kwance wa kowa ɗamara. Kare kai da iyali daga mahari a rubuta shi ƙarara a matsayin togaciya, haka manomin da ke korar birai ko mugun dawa a gonarsa da izinin maƙwabta, bakin bindigarsa ba ya kallon gida. Hasali ma garin da ke cikin fargaba ya fi kowa buƙatar a daina harbi barkatai, domin ƙarar bindiga ɗaya da dare tana tayar da gari, mata da yara su watsu cikin duhu. Na biyu, tsoron kada dokar ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro a bakin hanya. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa a cikin rubutun dokar yake: duk bindigar da aka karɓa a ba mai ita takardar shaida mai lamba a gaban mai unguwa, a kai maganar gaban majistare cikin kwana bakwai ko a mayar masa da kayansa, tara kuma a banki ake biyanta, ba a hannu ba.

Rajista da katin shaida suna kare mafarautan su kansu. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da ke hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Babu abin da zai wanke waɗanda suka yi wannan ta'asa. Amma sana'ar da ke da rajista da horo da hukuncin da ake gani ana zartarwa a kan baragurbinta tana da bakin magana a ko'ina, kuma ƙungiyoyin mafarauta ne ya kamata su riga kowa neman wannan doka. Horon ba wani abu mai tsada ba ne. New York ta wajabta shi ga sabon mafarauci tun 1949. A nan yini ɗaya a ƙofar fadar hakimi kafin buɗe farauta ya isa a auna taku 200 da igiya kowa ya gani, a gwada alamar sandar ɗuri, a duba bututu.

Abu na ƙarshe da dokar za ta rarrabe shi ne abin da maharbi ya yi bayan ya sami mutum. Da yawa gudu suke yi, wanda aka harba ya zubar da jini a gona har rai ya yi halinsa, alhali raunin ƙwayoyi sau da yawa ana tsira daga gare shi in an kai asibiti da wuri. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, asibitin ne zai sanar da su daga baya. Wanda ya tsaya ya danne raunin da tsumma mai tsabta, bai tsaya tonon ƙwayoyi da wuƙa ba, ya ɗauki mutumin zuwa asibiti ya kuma kai kansa ofishin 'yan sanda, alƙali ya sassauta masa a rubuce cikin doka. Wanda ya gudu ya bar shi, a ninka masa.